Garkar Bayan Ɗaki a Ƙasar Albasa

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Konni ta ratsa Galmi da Madawa ta nufi Maraɗi, hancinsa ne zai fara gaya masa sana'ar mutanen wurin tun kafin idonsa ya gani. Albasa ce buhu kan buhu a bakin kwalta, 'yan dako na ta lodi, manyan motoci sun yi layi suna jiran tafiya Akara da Kumasi da Abijan da Lome. Jar albasar Galmi ta yi sunan da ko a kasuwannin bakin teku ba sai an yi mata talla ba. A kwarin Tarka, tun daga Karofan ta gundumar Buza har Sabon Gida ta gundumar Madawa, haka kuma a Tamaske ta ƙasar Keita, akwai manoman rani da za su zaunar da malamin gona su koya masa rainon iri da dashe da ban ruwa.

To, a bar bakin kwalta a hau dutse, a shiga wani gida a ƙauyukan da ke tsakanin Buza da Keita cikin watan Mayu ko Yuni, a roƙi uwargida ta buɗe tukunyar miya. Garin kuka ne ko busasshiyar kuɓewa, da daddawa da gishiri da ɗan barkono. In an yi sa'a a tarar da kauɗar tumatir biyu ko uku. Ɗanyen ganye kuwa sai ruwa ya sauka, tafasa da gasaya sun fito. Tumatirin da aka rasa mai saye a watan Janairu saboda yawa, yanzu sai mai albashi. Yankin da ke aika kayan miya ƙasashe huɗu ko biyar, shi ne kuma yankin da ƙungiyar likitocin MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa a Madawa da Buza bayan yunwar 2005.

Ba mai hankalin da zai ce 'yan shuke-shuken tsakar gida za su kawar da tamowa. Tushenta ya haɗa da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da kwanika, da rumbun da ke ƙarewa tun kafin a yi shuka. Amma akwai wani gefe na matsalar da maganinsa ke cikin gida, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Magidancin da zai sayi wannan a kasuwa cikin bazara, kuɗin hatsin iyalinsa zai taɓa, shi ya sa ba ya saya. Garkar cikin gida ta cancanci a ɗauke ta da gaske a wannan yanki na Adar, amma sai irin wadda ta dace da wurin: ta itatuwa da ganyayen gargajiya, mai rayuwa da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, a bayan shingen da akuya ba ta iya ketawa.

Mutanen wannan yanki ba baƙin dashen itace ba ne. A 1975, a kwarin Majiya da ke ƙasar Buza, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Dauda Adamu, da tallafin ƙungiyar CARE, ya fara jera dogon yaro layi bibbiyu a tsakiyar gonaki, tsakanin jeri da jeri kamar mita 100, don karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Jerin ya kai ɗaruruwan kilomita, har yau kuma ana buga misali da shi wajen koyar da ilimin gandun daji. A 1984, shekarar babban fari, aikin Keita ya kankama da kuɗin Italiya ƙarƙashin kulawar hukumar FAO, ana biyan masu aiki da abincin hukumar PAM. An farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na fako da gangaren dutse, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an yi wa koramu madatsai, daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka, suka haƙa ramukan nan da diga cikin tsakar rana, mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi bida. A kwarin Tarka kuma, aikin da Tarayyar Turai ta ba kuɗi ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse na haƙan hannu da injinan ban ruwa a shekarun 1990, a kan turbar noman rani da gwamnatin Seyni Kunce ta riga ta shata bayan farin.

Ƙarfin waɗannan ayyuka ya tafi ne ga gona da dutse da fadama, kuma a lokacin can nan ne wutar ke ci. Sai dai fadama tana da masu ita. Ƙidayar 2012 ta samu mutane fiye da miliyan 1.3 a gundumomin Madawa da Buza da Keita, yau sun fi haka nesa ba kusa ba, ƙasar da ruwa ke kusa da ita kuwa ba ta haihuwa. Duk inda garka ke kawo kuɗi, gado ne a hannun maza, ko haya, ko jingina. Matar da mijinta ke Abijan ko Libiya mafi yawan shekara, wadda ita ke tsaye kan cin yara, sau da yawa ƙasar da take da cikakken iko a kanta ita ce 'yan takun da ke tsakanin ɗakinta da katanga. Nan ba ta neman aro wajen kowa. Ko tana kulle, ko tana jego, ko tsufa ya hana ta zuwa bayan gari, hannunta na kaiwa.

Amsar da ƙungiyoyin agaji suka saba bayarwa ita ce garkar mata ta haɗin gwiwa. A nemi fili a bayan gari, a kewaye shi da waya, a haƙa rijiya ko a sa famfo mai aiki da hasken rana, a raba wa mata fangali-fangali, a kawo musu irin kabeji da salati da karas a gwangwani. Wasu sun yi albarka, babu dalilin raina su. Amma wanda ya zagaya ƙauyukan jihar Tawa ya ga ɗaya fuskar: allon mai ba da tallafi na tsaye, waya ta kwanta, famfo ya lalace ba mai gyara, ko mai filin da ya ba da aro ya karɓe abinsa da ya ga ƙasa ta gyaru. Ga kuma zancen iri. Kabeji ba ya ba da iri a zafin Sahel, irin gwangwani da yawa kuma haɗi ne da in an ajiye 'ya'yansa ba sa maimaita uwar. Ke nan kowace shekara sai an saya, ranar da aikin ya naɗe tabarmarsa garka ta bi shi. Abin da ya fi wannan muni, duk kayan sanyi ne. Suna yin kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da kasuwa ke maƙil da kayan lambu masu arha, su ƙare daidai lokacin da tukunya ta fi buƙata.

Ruwa ke yanke hukunci a wannan magana, saboda haka a yi lissafi. A tsakiyar bazara, murabba'in mita ɗaya na kayan lambu na shan lita 6 zuwa 8 a rana. Ɗan fili mai mita 2 a faɗi da mita 5 a tsawo zai sha lita 60 zuwa 80, wato jarka uku ko huɗu masu cin lita 20, kullum ta Allah, ba hutun Juma'a. A cikin kwari, inda ake cim ma ruwa a gaba biyu ko uku, wannan ba komai ba ne. A kan dutsen Adar, inda yarinya ke ƙare safiya a bakin rijiya, ko a cikin garin da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, wanda ya ce wa mace ta ƙara jarka huɗu saboda salati bai san gidan ba.

Amma kowane gida na da ruwan da yake zubarwa. Alwala sau biyar ce a rana. A gidan da masu salla suka kai goma, ko lita ɗaiɗai kowa ya zubar, lita 50 ke nan ke nutsewa a wuri guda kullum. Ƙasari dai na dabbobi ne, ba mai taɓa musu shi. Amma ga ruwan ɗaurayar kwanoni, ga na wankin kayan miya, ga wanda ke tsiyaya a gindin randa, ga na wanka da ke bin rariya ya fita lungu ya zama kwata, maƙwabta su yi ta cacar baki a kai. Wannan ruwa ba zai riƙe fangalin salati ba, bai ma kamata ya taɓa ganyen da ake ci ɗanye ba. Itace kuwa zai riƙe shi sarai. Tsofaffin gidaje sun san haka ba tare da an koya musu ba: duk inda aka ga lemun tsami ko gwanda ko lalle ya yi kore shar a tsakar gida cikin watan Afrilu, a duba da kyau, wurin alwala ko bakin rariya na kusa.

Zogala ce ta farko a jerin abin da ya kamata a dasa. Ana shuka ƙwayarta kai tsaye ko a kafa reshe, cikin wata biyu zuwa uku a fara tsinka. In ta kai tsayin mutum sai a sare ta daidai ƙugu, ta yi rassa ta cika, maimakon ta miƙe sama inda hannu ba ya kaiwa. Tana jure ƙishi, in ta sami ɗan ruwa kuma ba ta daina toho. Manoman Jiratawa kusa da Maraɗi sun mai da ita sana'a sukutum, suna cika buhuna ana kaiwa birane. Ganyenta na ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ya kuma raunana yaro gaban ƙyanda da gudawa. Akwai masu tallarta da lasifika a ranar kasuwa wai tana warkar da komai, daga hawan jini har ciwon suga. Wannan zancen neman kuɗi ne. Abinci ce mai kyau, hakan ma ya isa. Abin sha'awa, yadda ake cin ta tun kaka da kakanni shi ne daidai: wannan sinadari ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, kwaɗon zogala kuwa da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ake yin sa. Inda ake kuskure shi ne wajen shanya. Ganyen da aka baza a rana tsaka ya yi asarar da yawa daga amfaninsa. A inuwar rumfa ya kamata ya bushe.

Kuka ma ana iya mai da ita kayan lambu. A yankin Segu na Mali, masu bincike na cibiyar ICRAF da takwarorinsu na ƙasar sun gwada shuka 'ya'yan kuka kusa da kusa a fangali, ana tsinkar ganyen tun tana ƙarama, ba a barin ta ta girma. Ƙwayar na da taurin ɓawo, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ko an ɗan kankare ta kafin ta tsira. Wanda ya taɓa cin tuwo da miyar ɗanyar kuka ya san ba a haɗa ta da garin da ya shekara a buhu. Akwai masu ƙyamar kuka a cikin gida saboda zancen iskoki. To, wadda ba a bari ta wuce gwiwa ba, ko aljanin ma ba zai sami wurin zama a kanta ba.

Sai magarya, wadda ke fitowa da kanta a fako ba wanda ya shuka ta. A cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, masanin noma Dov Pasternak ya yaɗa dabarar aura wa magaryar gida reshen irin Indiya mai manyan 'ya'ya, wadda aka laƙaba wa suna tuffar Sahel. Saiwa ta gida ce mai jure fari, 'ya'ya kuwa sun ninka na daji sau da yawa, ana cin su ɗanye, ana kuma sayarwa. Tana da nata ciwon kai: ƙuda na sa mata tsutsa, tsuntsaye na son ta, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren sai an cire shi, in ba haka ba uwar ta rinjayi amarya. Amma aikin auren itace wuƙa mai kaifi da ɗan zaren leda kawai yake so, saurayi mai natsuwa na iya koyon sa cikin kwanaki.

Gwanda na ba da 'ya'ya kafin shekara ta zagayo. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, kuma akwai namiji da mace, shi ya sa ake dasa uku ko huɗu, in sun yi fure a rage mazan. Gwaba da lemun tsami sai an yi haƙurin shekara uku zuwa huɗu. Mangwaro a bar wa mai babban gida ko mai garka a kwari.

Da damina kuwa ruwa kyauta ne, kuma a nan mata ba sa buƙatar malami. Kabewa da duma da soso su hau rumfa da danga, kuɓewa da yakuwa da rama da alayyafo da lalo da yoɗo su cika bayan ɗaki. Duk waɗannan suna ba da iri, a ajiye shi cikin toka a gora har baɗi. Abin da ya rage shi ne a shuka fiye da na ci a lokacin, a shanya a inuwa, a adana don bazara.

A tambayi duk matar da ta taɓa dasa wani abu a gida me ya kashe shi. Kafin ta ambaci ƙishi za ta ce akuya. Kuma akuyar nan tata ce, ita ce asusunta na ranar ciwo da ranar biki, don haka wanda ya ce a ɗaure ta shekara guda ko a sayar, ya raba gari da mai gidan. Tsakar gidan Bahaushe fili ne ɗaya da mutane da awaki da kaji ke rabawa, dashen da ba shinge kuwa kwanansa a ƙirge yake. Darnin kara na yin 'yan watanni kaɗan, gara ta ci ƙasa, akuya ta ci sama. Ƙaya na taimakawa, amma a gidan da yara ke rarrafe ba ta da daɗi. Aguwa na yin shinge mai rai wanda dabba ba ta ci, sai dai ruwanta na da haɗari ga ido. Wasu na zagaye dashe da tubali su bar ƙofofin iska, wasu na rufa tsohon gidan sauro don kaji. Waya ce ta fi, ita ce kuma ta fi tsada. Duk wani tallafin garkar gida da ya kawo iri bai kawo maganar shinge ba, abincin awaki ya raba.

A nan ne Adar ke da abin da wasu ba su da shi, wato dutse kyauta. A Lesoto, ƙasar duwatsu da ke kudancin Afirka, an yaɗa wata irin garkar gida da ake ginawa da dutse: da'ira mai faɗin kamar mita 2, tsayinta daidai ƙugu, a cika ta da ƙasa da taki da toka, a kafa kwando a tsakiya, a bar ɗan lungu da mutum zai shiga ya kai ga kwandon. Ɓawon kayan miya da ruwan wanke-wanke cikin kwandon ake zubawa, su ruɓe su tsiyaya zuwa saiwa ba tare da sun taɓa ganye ba. Tsohuwa na aikinta a tsaye ba sunkuyo. Tsayin ba zai hana akuya tsalle ba, amma ya rage faɗin abin da za a kare, ragar waya kaɗan ko ƙaya a kai ta wadatar. Matan da iyayensu suka jera duwatsun aikin Keita a gangaren tsauni ba sa buƙatar a kawo musu magini daga wani wuri. Inda gida ya yi ƙunci, kamar cikin garin Madawa, akwai dabarar mazauna unguwar Kibera ta Nairobi: a cika buhu da ƙasa da taki, a jera tsakuwa a tsakiyarsa don ruwa ya sauka, a huda gefe a dasa. Akwai kuma tsohuwar dabarar binne tulu har wuya a gefen dashe, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Yumɓu na tsatsar da ruwan a hankali daidai wurin saiwa, rana ba ta sha ba.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, wasu kuma masu nauyi ne. Na farko sauro. Gaskiya ne duk ruwan da ya kwanta kwanaki yana iya zama wurin ƙyanƙyasa, amma kwatar da ke lungu ita ce ruwan da ya kwanta. Wanda aka juya cikin rami mai tsakuwa da ciyawa a gindin itace nutsewa yake yi a ranar. Na biyu sabulu. Ruwan wanki mai kumfar garin sabulu na tara gishiri a ƙasa, ƙaramin dashe ba ya jure shi. A kai shi gindin babban itace, a riƙa sauya wuri, ruwan da aka wanke kashin yaro kuwa salga ce wurinsa. Na uku katanga: saiwa da damshi na cin ginin ƙasa, saboda haka a ja da dashe taku uku ko huɗu daga bango, a nisanta abin ci daga bakin salga. Na huɗu, kuma shi ne mafi gaskiya, wahala. Matar da ta yi surfe da daka da ɗiban ruwa da itace ba ta neman ƙarin aiki. Wannan hujja ce ta kashe fangalin salati, ita ce kuma ke goyon bayan itace, domin zogalar da ke gefen wurin alwala kusan ita ke shayar da kanta.

Maganar furanni takan ba mutane dariya a ƙauye, wai aikin Turawa ne da gidan gwamna. Amma lalle fure ne, wanda ya kwana kusa da shi lokacin da ya buɗe ya san ƙamshinsa, ga ganyensa kuɗi ne a lokacin biki da salla. Kariya, mai kumburarren gindi da jan fure a tsakiyar rani, wadda ke tsaye a dajin Sahel ba mai kallon ta, ita ce masu sayar da furanni a Turai da Asiya ke rainon ta a tukwane suna sayarwa da tsada. Sai dai guba ce, ba a dasa ta inda yara da dabbobi ke kaiwa. Kabewa da duma ba sa 'ya'ya sai ƙwari sun ɗauki ƙurar fure daga namiji zuwa mace, gidan da ke da furanni kuwa shi ƙudan zuma ke ziyarta. Ko ba don wannan ba, mace na da haƙƙin ta dasa abu don kawai yana faranta mata rai.

Inda ya kamata a ɗaga murya shi ne maganin ƙwari. Kasuwannin kan iyaka cike suke da kwalabe marasa takardar izini, har da wanda ake kira fiya-fiya, kuma manoman kwari da yawa sun saba fesawa ba safar hannu ba takunkumi. Tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a arewacin Najeriya a 2016, ta nuna yawan feshi ba ya hana asara, don ta saba da magunguna da dama. A cikin gida, inda yaro ke tsinkar ganye ya kai baki, kaza ke tono, randa ke kusa, bai kamata kwalbar nan ta shigo ba ko kaɗan. Garkar da ba ta wuce taku goma ba hannu ma na iya tsince tsutsarta. In abin ya yi yawa, ga 'ya'yan dogon yaro: a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da marece. Ƙasar Buza ba ta rasa dogon yaro ba, albarkacin aikin 1975.

Me hukuma za ta yi? Ba abu mai tsada ba ne. Tun 1975 Nijar ke bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, manya su sa hannu a ƙasa, a ɗauki hoto, a ƙirga dubban da aka dasa. Adadin da ke da amfani shi ne na waɗanda ke raye a watan Afrilu mai zuwa, kuma itacen da ke da uwargida a kansa ya fi na bakin hanya damar kaiwa can. A karkatar da wani kaso na dashen bikin zuwa zogala da gwanda da gwaba da magarya mai aure, a raba su gida-gida. Wurin rabon ma a shirye yake: likitar da mata ke zuwa awon ciki da rigakafin yara, inda ake gaya musu su ba yaro ganye ba a gaya musu inda za su same shi a watan Mayu ba. Kuɗin waya kuwa akwai inda zai fito. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina cikin ƙasar, sun nuna mata na iya tara asusu su ba juna rance su biya. Naɗin waya guda da mata goma suka saya suka yanka ya fi sauƙi a kan kowace ta sayi nata. Ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA na da takardun bayani da masu ba da shawara ta waya da Hausa, gidajen rediyon karkara kuma na neman abin da za su watsa.

Gundumar Buza na da ƙananan hukumomi 7, Madawa 6, Keita 4. Wurin rainon dashe guda a kowace, kusa da rijiya mai ruwa, da matasa biyu ko uku da suka iya auren itace suna sayar da dashensu kan kuɗi kaɗan, ya isa a fara. Sayarwa ta fi kyauta, don abin da aka biya ko dala ashirin ne an fi yi masa shinge. Sai dai dashe ba ya jiran ranar biki: magaryar da za a raba a Agusta sai an shuka uwarta watanni kafin nan, ta yi kaurin da za ta karɓi aure, auren kuma ya kama. Ke nan kuɗin leda da taki da ladan mai ban ruwa dole su shiga kasafin ofishin magajin gari tun ƙarshen shekarar da ta gabata, a kuma fara cika leda tun sanyi bai wuce ba.